Anti Mun-Dawo da Ɗakin Haihuwar da Ba Rufi

"Ni ban ce ba zan je ba," in ji Dogo, yana kokawa da ƙafafun kyamara a bayan mota. "Cewa na yi bayana ya fara kai ƙara. Wannan hanyar, Anti, ko ramukanta sun haddace lambar motarmu."

"To idan mun isa sai ka gaishe su, ka tambaye su iyali," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. Tana zaune a bakin ƙofar motar, ta cire takalmin ofis tana zura ƙafa cikin wasu dogayen takalman roba da suka koɗe har ba a gane asalin launinsu. "Ka duba batir?"

"Na duba."

"Na biyun fa?"

"Haba Anti, shekara nawa muna tare?"

"Shi ya sa nake tambaya. Na san halinka."

Haka safiya take farawa a harabar gidan talabijin na yankinmu, kuma haka take farawa tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu. Kafin masu shara su gama goge baranda ta iso. Za ta tsaya wajen maigadi ta tambaye shi ƙafar matarsa, ta ajiye jaka a teburinta na lungun ɗakin labarai, ta zuba shayi daga filas, sannan ta jawo waya. Sauran 'yan jarida da labarin yau suke buɗe rana. Ita da mutanen jiya take buɗe tata. Mai rumfar da gobara ta cinye bara, ya samu wuri? Yarinyar da aka yi wa aikin ido, tana gani? Sai ta gama da waɗanda duniya ta gama da su, sannan ta tambayi abin da ke faruwa yau.

Suna cikin haka sai ga Mai Kwat, babban mai karanta labaran yamma, ya fito daga motarsa yana ƙamshi, takalminsa yana ɗaukar ido. Shekara ɗaya aka ɗauke su aiki shi da ita, kuma tun daga lokacin ba su daina tsokanar juna ba.

"A'a, manoma! Yau ma gona za a tafi?"

"Gona za mu, ranka ya daɗe," ta ce. "Kai dai ka kula da na'urar sanyi, kar ta sa maka mura al'umma ta shiga wani hali."

"Wani dole ya zauna ya karanta abin da kuka kwaso ai."

"Gaskiya ne. Dogo, kalli takalmin nan. Ko gaisawa da laka bai taɓa yi ba."

Mai Kwat ya yi dariya ya wuce. Dogo ya rufe bayan motar. Babu wanda ya ambaci abin da kowa ya sani: wannan ne makonta na ƙarshe a aiki.

Sunanta na yanka yana nan a rubuce a ƙasan allo duk ranar Alhamis, amma je ka kasuwa ka faɗe shi, sai an tsaya ana tunani. Ce musu Anti Mun-Dawo, ka ga fuskoki sun washe. Sunan ya samo asali ne daga ɗan gajeren filin da take gabatarwa a ƙarshen labaran Alhamis, inda take komawa kan labarin da aka riga aka bayar aka manta. Da "Mun dawo" take buɗe shi, da "Za mu dawo" take rufe shi. Yara suna kwaikwayonta a unguwa da ludayi a hannu a matsayin makirufo. Iyaye mata suna yi wa 'ya'yansu barazana da ita: ka share ɗakin nan ko ka bari in dawo maka kamar Anti.

Amma ba da wasa abin ya fara ba. Da kuskure ya fara, irin kuskuren da sai masu aikin talabijin ke yinsa.

Tana sabuwar ma'aikaciya aka aiko da rahoto kan sace-sace a babbar kasuwa. Lokaci ya ƙure, ba a samu fita ɗaukar sabon hoto ba, sai mai tace hotuna ya yi abin da ake yi a kowane gidan talabijin idan an matsu: ya miƙa hannu kan kanta, ya zaro tsohon kaset na kasuwar, ya shimfiɗa hotunan a ƙarƙashin muryar mai karatu. Daidai lokacin da muryar take cewa ɓata-garin nan suna shiga cikin jama'a kamar masu sana'a, sai hoton ya tsaya cak a kan fuskar wani matashin tela, yana murmushi, almakashi a hannunsa. Watanni kafin nan aka ɗauke shi, a wani rahoto daban, kuma murmushin nan na murnar ganin kyamara ne.

Telan yana nan da ransa, gashinsa ya yi fari, kuma har yau idan ya zo wannan gaɓar sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce washegari tun da hantsi mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu, wanda aka yanka da wanda ba a yanka ba. Babu wanda ya ce masa ɓarawo. Cewa kawai suke sun fasa ɗinkin. Da yamma mahaifin yarinyar da zai aura ya aiko a ce masa ya ɗan dakata da zuwa tukuna. Sai telan ya rufe rumfa ya tafi gidan talabijin, aka hana shi shiga, ya zauna a gindin katanga da tef ɗin awonsa rataye a wuya.

A nan ta same shi. Ta shiga ta gaya wa editan wancan lokacin, shi kuma ya ce za a karanta neman afuwa a ƙarshen labarai, layi biyu, shi ke nan.

"Da hoto aka ɓata shi," ta ce. "Wa zai ji layi biyu? Da hoto za a wanke shi."

"Ke yaushe kika zo gidan nan da za ki koya mana aiki?"

Ta fita ta samu wani dogon saurayi da aka ɗauka kwanan nan yana goge gilashin kyamara, ta ce masa ya taso. Dogo ya ce har suka isa kasuwa yana jin cewa yau za a kore shi. Ta tsaya a ƙofar rumfar, ta sa telan a gefenta, jama'a suka taru. Dogo ya ɗaga mata hannu alamar ta fara. Duk abin da ta shirya a mota ya gudu daga kanta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Mun dawo." Sai ta ci gaba: mun dawo ne domin mun yi wa wannan bawan Allah laifi, ku kalli fuskarsa da kyau, tela ne, ba shi da abin da ya haɗa shi da sata.

Da ta tsaya a nan ma da ta yi abin a yaba. Amma bayan wata guda sai ga ta kuma, ta zo ganin ko masu ɗinki sun dawo. Ba su gama dawowa ba, sai ta sake nuna shi. Telan ya ce, "Zuwan farko na ɗauka tsoron ƙara suke. Ranar da ta dawo na biyu, babu wanda ya aiko ta, ranar na yarda har yanzu ni mutum ne." Yarinyar nan ita ce uwar 'ya'yansa yau. Idan yana ba da labarin takan leƙo daga bayan labule ta ce, "Ni dai ban taɓa cewa na fasa ba, Baba ne." Shi kuma ya ce, "Amma kin daina amsa sallamata ta katanga." Sai su fashe da dariya kamar jiya aka yi.

Akwai wani abu da mutane kaɗan suka sani. Muryar da ta karanta wancan rahoton a kan fuskar telan, muryar Mai Kwat ce. Ba shi ya zaɓi hoton ba, ba wanda ya ɗora masa laifi, shi ma bai taɓa ɗaga maganar ba. Amma tun daga shekarar, duk kwat ɗin da ya sa a gaban kyamara daga rumfar nan ta fito. Direba yake aikawa da yadi da awo. Shi da kansa bai taɓa taka wurin ba. Anti ta san wannan tuntuni, kuma duk tsokanar da take yi masa, nan ne kaɗai wurin da harshenta bai taɓa zuwa ba.

Daga rumfar tela ta gane abin da ya zama aikin rayuwarta. Labari ba ya ƙarewa ranar da aka naɗe wayoyi aka tafi. Ranar ce ma yake farawa ga wanda abin ya shafa.

Ke ce kika koma kan famfon da aka buɗe da tafi da jawabai, kika tarar gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, kika sa Dogo ya matso da kyamara har sai da muka ga zaren, ba ki ƙara kalma ɗaya ba. Ke ce kika bi maganar yarinyar da ta ci gasar kimiyya aka yi mata alkawarin karatu a gaban jama'a, kika yi ta komawa ofis ɗin nan har sakatare ya fara ɓuya a banɗaki idan ya hango takalmanki. Yau ita ke ba da magani a babban asibiti, kuma ta ce duk wanda ya tambaye ta iyayenta, uku take lissafawa. Kuma ke ce, ranar da aka gyara famfon, kika koma da fara'a kika nemo injiniyan da ya yi aikin, kika sa shi a gaban kyamara yana jin kunya, kika ce jama'a su san fuskarsa. Ba farautar laifi kike ba. So kike a ƙarasa abin da aka fara.

Ba duk komawa ce da kyamara ba. Dogo ya ce akwai wani dattijo da ambaliya ta tafi da gidansa da jikokinsa biyu. Duk gidajen labarai sun nuna shi yana kuka. Da suka koma bayan an kwana biyu, sai ta ce a bar kayan aiki a mota. Suka zauna da shi a kan benci har rana ta karkata, yana ba su labarin yadda ƙaramar take ɓoye masa hula. A hanyar dawowa Dogo ya ce, "Anti, yau fa ba mu da abin da za mu kai." Ta ce, "Yau kai masa muka yi, ba karɓowa ba."

An sha yi mata barazana. An taɓa ƙwace kyamarar, an taɓa mayar da ita shirin yara na tsawon lokaci don ta huce, ta yi shirin da zuciya ɗaya har yaran suka yi kuka da za ta koma labarai. Wani babban gidan talabijin na ƙasa ya nemi ta koma wurinsa, da mota da gida. Ta yi kwana biyu tana juya maganar, sannan ta ce musu ta gode. Ƙanwarta ta kusa cinye ta da faɗa. Amsarta ɗaya ce: "Idan na tafi can, wa zai koma nan?"

Littattafai cike suke da jaruman da suka yi abu ɗaya mai girma a rana ɗaya, aka yi ta waƙe su. Ba a cika rubuta labarin wanda ya yi ƙaramin abu ɗaya, ya sake yinsa, ya kuma sake, har gashinsa ya yi fari a kai ba. Ga wanda ya taɓa zama yana jiran wanda ya ce masa zai dawo, wannan na biyun ya fi kama zuciya.

Inda motar ta nufa a wannan safiyar wani ƙaramin asibiti ne a gefen gari, bayan tashar manyan motoci. Daminar bara iska ta yaye rufin ɗakin haihuwarsa gaba ɗaya. Ranar kowa ya zo da kyamara, aka yi alkawari, aka ba da kwangila. Daga nan shiru. Aka mayar da masu haihuwa ɗakin ajiyar magani, gado biyu da labule a tsakani, wadda ta zo ta uku sai tabarma a baranda. Anti ta yi ta komawa, kuma duk komawar da ta yi sai wani abu ya motsa. Bayan ta farko aka kafa katako. Bayan wata aka kawo kwanon rufi aka jibge a tsakar gida. Sai aikin ya sake tsayawa, ga gajimare ya fara haɗuwa.

Babbar ungozomar asibitin, wadda kowa ke kira Sista, ta tare su tun daga bakin ƙofa, hannunta a ƙugu.

"Yaya, gara da kika zo. Kin san abin da leburorin suka gaya min? Wai ogansu ya ce kar su wahalar da kansu, a jira matar nan ta yi ritaya kowa ya huta."

Dogo ya ja tsaki. Anti ta ɗaga kai ta kalli katakon da ya fara baƙi, ta kalli sararin sama ta tsakaninsa.

"Da gaske ne Alhamis za ki tafi?" in ji Sista, muryarta ta sauka.

"Da gaske ne."

"To wa zai riƙa zuwa?"

Tambayar da ta hana ta sakewa ke nan tun da aka kawo mata takardar ritaya. Manajan gidan ba mugun mutum ba ne, da bakinsa ya gaya mata gaskiya. "Anti, ni ban ƙi filin ba. Kawo min mutum ɗaya da zai ɗauka tsakani da Allah, in bar shi. In babu, masu tallar sabulu suna jira." Ta bi ɗakin labarai tebur bayan tebur. Wannan ya ce an ba shi fadar gwamnati, wancan ya ce likita ya hana shi doguwar tafiya, wata ta ce, "Anti, tsohon labari fa ba ya tafiya a waya, ba mai turawa." Ba ta ji haushinsu ba. Aiki ne na rana da laka da zagin sakatarori, ba a samun lambar yabo a kansa. Teburin Mai Kwat ne kaɗai ta wuce ba ta tsaya ba. Bai ma zo mata a rai ba.

Da yammacin Laraba maigidanta, malamin makaranta da ya riga ta ajiye aiki, yana zaune a tsakar gida yana wanke mata takalman robar da tsohon buroshi, aikin da ya ɗora wa kansa tun suna amare.

"Gobe sai mu rataye su ke nan," ya ce. "Ko in shuka barkono a ciki?"

"Malam, ba na cikin wasa."

Ya ajiye buroshin. "To gaya min."

"Me zan ce a ƙarshe? Matan nan za su tsaya a bayana, sun saba mu faɗa tare. Tun da na fara ban taɓa cewa za mu dawo ban dawo ba. Ko sau ɗaya."

"Ki faɗa mana. Wa zai kama ki? Kalma ce ta rufe shiri."

Ta dube shi. Ya ɗaga hannu biyu sama. "Na janye. Gwada ki nake, in ga ko matar da na aura ce har yanzu."

"Idan na faɗa, ƙarya na yi musu. Idan ban faɗa ba, na gaya wa ɗan kwangila ya ci nasara."

Malam ya juya takalmin ya ci gaba da goge ƙasansa. "Ki yi abin da kika saba. Ki faɗi abin da yake gaskiya, ki tsaya a nan. Sauran ba naki ba ne."

Anti, mun gode. Mun gode a madadin telan da kika mayar wa da fuskarsa, da yarinyar da kika tsaya wa, da dattijon da kika zauna da shi ba kyamara, da dukanmu da muka girma muna jin muryarki muna ɗauka cewa haka kowane babba yake, idan ya ce zai dawo sai ya dawo. Uwar marasa gata a gaban allo, mai takalmin da ba ya tsoron laka. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar ki da Malam da barkononsa. Ku kuma matasa masu riƙe da makirufo da masu riƙe da waya, da ma wanda ba ɗan jarida ba, malami ne ko likita ko maƙwabci: akwai wani da kuka taɓa ce wa za ku leƙo. Yana nan yana jira. Ba sai kun yi abin da zai girgiza duniya ba. Ku koma kawai.

Amma jinjinar da ta fi duk wadda alƙalami zai iya rubutawa, ba a takarda aka yi mata ita ba.

Ranar Alhamis Manaja ya ba da motar watsa shiri kai-tsaye, karramawa ce ta ranar ƙarshe. Aka kafa kyamara a tsakiyar ɗakin da ba rufi. Mata suka cika bayanta, wasu da goyo, wasu da tsohon ciki, Sista a gaba da fararen kayanta. Iska mai ɗauke da ƙamshin ruwa tana kaɗa gefen mayafin Anti. A kunnenta akwai ɗan abin sauraro, ta cikinsa take jin sutudiyo. Ta ji Mai Kwat ya gama labaran wasanni, ya ce yanzu sai mu leƙa wurin abokiyar aikinmu. Dogo ya ɗaga hannu kamar yadda ya ɗaga a ƙofar rumfar tela.

"Mun dawo," ta ce.

Ta nuna katakon, ta nuna kwanon da ke jibge yana tsatsa, ta kai mu ɗakin ajiyar magani inda wata ta haihu da hantsin ranar a tsakanin kwalaye. Ta bar Sista ta yi magana. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci ritayarta ba. Da ta zo ƙarshe, matan bayanta suka gyara tsayuwa, suka ja numfashi, suna jiran kalmomin da za su faɗa tare.

"Abin da muka tarar ke nan yau," ta ce. "Na gode da kuka saurare ni duk tsawon shekarun nan."

Ta sauke makirufon.

Wata yarinya a baya ta fara, "Za mu..." sai ta ga ba wanda ya bi ta, ta yi shiru. Sista ta sunkuyar da kai. Dogo bai ɗauke ido daga kyamara ba, amma Anti ta ga kafaɗarsa tana rawa. A kunnenta ta ji darakta yana cewa a shirya talla, a shirya talla. Sai wata murya ta ratso, muryar da duk yankin ya sani, amma ba da irin sautin da take karanta labarai ba.

"Dakata da tallar nan. Anti, kina ji na?"

Ta ɗaga makirufon a hankali. "Ina jin ka."

"Ba ki ƙarasa ba."

"Na ƙarasa, ranka ya daɗe. Abin da ba zan iya cikawa ba, ba na faɗarsa."

Ta ji ƙarar takardu, kamar ana ture su gefe.

"Kin bi ɗakin labarai kin tambayi kowa," in ji Mai Kwat. "Ina zaune ina kallonki. Kika wuce teburina ko waiwaye babu."

Dariya ta kusa ƙwace mata a tsakiyar hawaye. "Da wannan takalmin naka?"

"Akwai wata rumfa a kasuwa da ya kamata in je tun muna sababbin ma'aikata, na bar ki kika je ke kaɗai. Wannan karon ba zan aika direba ba." Ya gyara murya, ta san yanzu kyamara yake kallo. "Manaja, na san kana ji, ka ce mutum ɗaya kake nema. Sista, ki gaya wa leburorin nan su gaya wa ogansu, matar ta yi ritaya amma filin bai yi ba."

Anti ta juya ta maimaita wa matan abin da ta ji. Guɗa ta tashi a ɗakin, ta fita ta inda rufi ya kamata ya kasance. Da ƙyar ta iya jin sauran maganarsa.

"Alhamis mai zuwa ni zan tsaya a inda kike tsaye, kuma ba zan daina zuwa ba sai na ga kwano a kan katakon nan. Dogo, ka nemo min takalmin roba. Babba, ƙafata tana da faɗi."